Labulen Nana Hadiza

Duk wanda ya saba bin layin mahauta a New Bell ya san gidan Nana Hadiza, ko da bai taɓa gaisawa da mai gidan ba. Ɗan ƙaramin gida ne, matse tsakanin shagon mai gyaran babur da bayan masallaci, ga kwata a bakin ƙofa an ɗora mata katako. Amma leƙa tsakar gidan ka ga shara! Ko ƙwayar shinkafa ba za ka tsinta ba. Can a ƙurya kuma akwai wata ƙofa mai farin labulen leshi, wanda ake wankewa kowace Juma'a, a sa masa bula, a goge shi tas. Ɗakin Nana ke nan, kuma ba a shiga. A falo take tarbar kowa, a nan take ba kowa shayi. Ko Inno, ƙawarta Bafulatana da suka tsufa suna cin abinci a kwano ɗaya, ba ta taɓa ɗaga labulen nan ba. Mutane dai suka yanke wa kansu cewa gado ne na gani na faɗa a ciki, da kabad cike da tangaran, tunda matar ta yi aikin ofis.

Ta yi kuwa. Kakanta ya zo Duwala daga ƙasar Kano da fataucin goro, ya ga teku ya ga kasuwa, ya ce shi kam ya iso. A New Bell aka haifi ubanta, a nan aka haife ta. Tana cikin 'yan matan unguwar na farko-farko da aka sa a lekol, wato makarantar boko, ta iya Faransanci kamar ruwa, ta yi aikin buga takardu a wani ofis a Bonanjo har ta yi ritaya. Mijinta Ɗantani mai tsire ne, soya in ji mutanen garin, mutum mai ban dariya da son jama'a. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ya riga ta tafiya da daɗewa. Ita doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafiyarta a miƙe. Ka tambaye ta ya gida, ko sama za ta faɗo mata a ka, amsarta ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Abin da ya juya rayuwarta shi ne mutuwar ƙanwarta Hawa'u. Cikin fari ne. Kun dai san halinmu da cikin fari: ba a faɗa, ba a nunawa, yarinya ta yi ta jan mayafi, uwa ta yi kamar ba ta gani ba, kowa na jin kunyar kowa. Ƙafafun Hawa'u suka kumbura, kanta na sarawa, ta yi shiru. Ba ta taka asibiti ba don kada a gan ta a layin masu awo a ce ga 'yar gidan wane. Ranar da ta faɗi tana jijjiga, kafin a isa da ita rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Likita ya ce da an taɓa auna jininta da an gane tun da wuri. Nana ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma maganar nan ta zauna mata a ƙirji ba ta tashi ba.

Da wata ce, da ta shiga gida-gida tana faɗa, tana cewa kunya jahilci ce. Nana ba ta yi haka ba, don ita kanta kunyar ce ta raine ta, kuma ba ta ga laifinta ba. Da ta bar aiki sai ta buɗe aji a falonta, tana koya wa matan aure karatun boko, su iya karanta takardar magani da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Wane miji zai hana wannan? Sannan ta samo Aminat, ungozoma mai takarda da ke aiki a wani ɗan asibiti a Nkololoun, ta roƙe ta ta riƙa zuwa ranar Alhamis, ranar hutunta. Aka gyara ƙaramin ɗakin da ke jikin falo, aka sa wani gadon ƙarfe da Nana ta ce tsoho ne, ba ta amfani da shi.

A nan dabarar take. Ranar Alhamis kowace mace a ajin sai ta shiga wurin Aminat, ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa. Mai ciki da marar ciki, amarya da mai jikoki. Nana za ta ɗaga kai daga allo ta ce, "Layi ne ya zo kanki, kowa sai ya shiga." Inno ta fi kowa mita.

"Ni me za a auna a jikina, tsufa?" in ji ta, tana jan zane tana shiga.

Aka auna, aka tarar da hawan jini, ta fito tana zagin gishiri. Ta haka amarya ke shiga a duba cikinta ta fito, ba wanda zai ce ga abin da ya kai ta, tunda tsohuwa ma ta shiga. Wadda aka ga matsala a jikinta, Nana da kanta za ta raka ta asibiti da sunan zuwa kasuwa. Yaran da suka zo duniya lafiya ta wannan ƙofa, wasu yanzu har sun fara gemu. Wallahi ni ban san wata mace a unguwar nan da ta yi abin da matar nan ta yi ba, kuma ba ta taɓa tsayawa a taro ta faɗa ba.

To, amma Duwala gari ne na ruwa. In damina ta kankama sai ruwa ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba, kwata ta cika ta shigo gidaje ba sallama. Ruwa ya bar tabo a bangon falon Nana har gwiwa. Kwanon rufi ya yi tsatsa ya huje, ana karatu ana matsar da benci. Bangon ɗakin awo ya tsage daga sama har ƙasa. Bayan damina ta wuce Aminat ta ja Nana gefe.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. In damina mai zuwa ta same mu a haka, ba zan kwantar da mai ciki a ƙarƙashin bangon nan ba."

Nana ta san gaskiya ce. Ta kuma san in Alhamis ta mutu, 'yan matan za su koma jan mayafi, ba wadda za ta je layin asibiti.

Haliru ne ya zo da labarin gidauniya. Ɗan wanta ne, magidanci mai ɗaura lakataye, yana aiki a wani ofis a Akwa. Ya ce akwai wani kamfanin sabulu da man girki da ya ware gidauniya, tana tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi masu aikin lafiya da ilimi a unguwannin da aka bari a baya.

"Roƙo ne?" in ji Nana.

"Ba roƙo ba ne, Goggo. Su ne suke neman inda za su sa abinsu ya yi amfani."

Da ƙyar ta yarda. Ya rubuta musu, suka amsa cewa za su turo wakiliya ta gani da idonta. Kafin ya tafi ya haɗa hannu biyu ya ce, "Goggo, don Allah ku bar komai yadda yake."

"A bar komai yadda yake?" in ji Inno da labari ya iske ta. "Baƙuwa ta taso takanas ta zo ta same mu a kan benci mai ɗingishi? Ta koma ta ce Hausawan New Bell ƙazamai ne? Yaron nan zaman ofis ya ɓata shi."

Da na so in ce muku Nana ta hana. Ina! Ita ce ma ta sayo fenti, ta shafe tabon ruwan nan da hannunta. A saninta baƙo ba a nuna masa rashi, ko me ya kawo shi. Aka aro kujerun biki. Aka ɗauko kafet da fankoki daga gidan Alhaji Haruna mai shagon atamfa. Aka ɗaure farin yadi a ƙarƙashin rufi ya ɓoye hujin, aka rataya ƙatuwar kalanda a kan tsagar bango. Mata suka bazu aron leshi da sarƙa da awarwaro. Jannat, wata amarya da ke zaune da mijinta ɗan acaɓa a wani ɗaki can bakin fadama, aka naɗe ta a leshin matar Alhaji har ba a gane ta. Aka soya kaji, aka yi masa, aka sayo soya, har ndole aka sa wata maƙwabciya ta dafa, miyar ganyen mutanen Duwala, don kada baƙuwa ta ji baƙunta.

Haliru ya shigo ana gab da azahar, ya tsaya a bakin ƙofa ya dafe kai.

Wakiliyar, Madam Ndome, a bayan babur ta iso, don mota ba ta shiga layin. Mace ce mai sauƙin kai, takalminta duk taɓo. Ta gaida kowa, ta ci masa, ta saurari mata suna karanta Faransanci daga allo. Da Aminat ta bayyana mata dokar Alhamis sai ta ajiye cokali ta ce a sake faɗa mata, ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba. Inno ta ga fara'a a fuskar baƙuwa, ta rangaɗa guɗa. Sai Madam ta juya ga Nana ta yi magana a hankali da Faransanci.

"Mama, aikinki ya burge ni ƙwarai. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Da safe ina unguwar PK 14, na tarar da yara suna karatu a ƙasa ƙarƙashin tamfol. Abin da ke hannunmu ba ya isar kowa, da waɗanda suka fi buƙata ake farawa. Ku kuwa, ga shi, kun tsaya da ƙafafunku."

Haliru ya tashi ya cire kalandar nan, ya nuna tsagar, ya ce kujerun na aro ne, kafet ɗin ma haka.

"Na yarda da kai," in ji Madam. "Amma ba ni ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, kuma hoton da na ɗauko suke dubawa. Bango mai tsaga kowane gida na da shi. Abin da za su tambaya shi ne, su wa ake yi wa aikin, kuma yaya suke zaune." Ta dubi zinaren da ke wuyan matan. "Ko akwai gidan ɗaya daga cikinsu da zan iya gani?"

Haliru ya sunkuyo ya raɗa wa goggonsa da Hausa. "Goggo, gidan Jannat. Ko yanzu da rani ruwa ne kwance a ɗakin. Hoto ɗaya ya isa."

Raɗar ba ta yi ƙasa sosai ba. Jannat ta ji sunanta, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafin aro ta rufe gabanta. Ciki ne da ita na fari, daga Nana sai Aminat suka sani. In baƙuwa ta nufi ɗakinta da abin ɗaukar hoto, layi kaf zai bi bayanta, a ga tabarmarta a kan bulo, a ga ita kanta. Nana ta dubi hannun yarinyar yadda ya damƙe bakin mayafin. Haka Hawa'u ke riƙe nata.

"Ba na tona asirin 'yar mutane don kwanon rufi," in ji Nana.

"To shi ke nan, Goggo, an rasa."

Tsoro ne ya kama Nana, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da Ɗantani. Sannan ta miƙe ta gyara ɗankwalinta.

"Madam, zo ki ga gidan shugabar ƙungiya."

Ta ratsa tsakar gida, Madam na biye da ita, matan suka fito bakin falo suna kallo. Da farko gefen labulen kawai ta ɗaga, yadda mutum ɗaya zai wuce. Madam ta leƙa, ta tsaya cak, ta ce a hankali cewa ciki da duhu, hoto ba zai fita ba. Nana ta miƙa hannu sama ta zare labulen gaba ɗaya daga igiyarsa, ta ninke shi a hannunta.

Allah sarki! Babu gado, babu kabad, babu tangaran. Rabin rufin ya rufta tun wata damina da ba wanda ya ji labari, an ɗaure baƙar leda da igiya a wurin. Bokitai da robobi jere a ƙasa suna jiran ruwa. Bango ya yi kore har ƙugu. A gefen da rufin ya rage, wani tsohon ƙyaure ne aka ɗora a kan bulo, da tabarma da matashi a kai. Ga 'yan zannuwanta rataye a ƙusa, a goge tsaf, ga dutsen guga na gawayi. Fanshonta kuwa, duk wanda ke da ido yanzu ya gane inda yake tafiya: alli, safar hannun Aminat, kuɗin motar kai mai naƙuda.

Inno ce ta fara magana.

"Hadiza, ina gadonki na aure?"

Aminat ce ta juya ta dubi ƙofar ɗakin awo, sai kowa ya juya tare da ita. Babu mace ko ɗaya a wurin da ba ta taɓa kwanciya a kan gadon ƙarfen nan ba.

Madam Ndome ta nemi izini kafin ta ɗauki hoto, kuma ɗakin kawai ta ɗauka, ba ta haɗa da mai ɗakin ba. Inno ta zare awarwaron aro ta zuba su a faranti, ta ɗauki cokali ta kankare sabon fenti har tabon ruwa ya bayyana. Ta kama hannun baƙuwa ta ce da Faransancinta mai karye-karye, "Zo ki ga nawa ma." Tsofaffin ajin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace na cewa a biya ta gidanta. Har Madam ta hau babur ta tafi ba wanda ya sake ambaton sunan Jannat.

Tallafin ya fito kafin damina. Aka sake rufin falo da ɗakin awo, aka rushe bangon nan aka gina sabo, aka ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kaiwa. Aka kawo bencina da sikeli da gadon awo na asibiti. Sai dai dokar gidauniyar ba ta yarda a gyara ɗakin kwanan kowa ba, sai wurin aiki. Madam ta kira ta ba da haƙuri, Nana ta ce ai dama ba don shi ta nema ba. Haliru ya zo da maganar shi zai gyara mata ɗakin, ta sallame shi tun daga bakin ƙofa, ta ce ya je ya kula da iyalinsa. Ta mayar da labulenta, ta ci gaba da wanke shi ranar Juma'a.

Amma ta canza. Ta rage fita, ta daina zuwa suna da biki, in za ta kasuwa sai ta bi ta bayan masallaci. Kunya ce ke cin ta. Kullum tana jiran ranar da wata za ta dube ta da idon tausayi, ko a aiko mata da kwanon abinci a rufe, ko ta ji ana raɗa in ta wuce. Ba ko ɗaya da ya faru. Mata suka ci gaba da zuwa aji, suna gaishe ta yadda suka saba, ba wadda ta ɗaga ido ta dubi ƙuryar nan. Inno ma, da bakinta ba ya riƙe komai, ta kama bakinta.

Wata Asabar da safe, hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, sai aka ji ƙarar guduma daga farkon layi. Nana ta leƙa ta ga kafintoci a kan rufin Alhaji Haruna, rufin da ko tsatsa bai fara ba. Suka ɗan bubbuga ƙusa suka sauko, suka jingina tsani a gida na gaba. Ta tambayi mai gyaran babur, ya ce wai mutanen layi ne suka yi shawara a duba rufin kowa kafin ruwa ya sauka. Haka suka yi ta bi gida-gida, mai huji a toshe, marar huji ma a hau a sauko. Aka hau na Inno, aka hau na liman, aka hau shagon mai gyaran babur.

Da hantsi ya yi suka iso ƙofarta. Wannan karon ba guduma kawai suka riƙo ba, akwai sababbin kwanuka da katako a kafaɗa, ga mijin Jannat a gaba, ga Haliru ba lakataye. Nana ta tare ƙofa.

"Ni ban kira kafinta ba."

Inno ta ratso ta bayansu tana jan zane.

"Wa ya kira? Ni ma ban kira ba, an hau nawa. Layi ne ya zo kanki, Malama. Kowa sai an hau nasa."

Nana Hadiza ta dube ta, ta dubi layin, ta ga mata tsaye a ƙofofinsu kowace ta sami abin yi, wannan na shara, waccan na shanya, ba mai kallon ta. Matar da ba a ga hawayenta ba ko ranar Hawa'u ta juya musu baya ta ɗan jima a haka. Sannan ta wuce gaba ta zare labulen da hannunta, ta ce wa kafintocin su yi a hankali da ƙurarsu, jiya aka wanke shi.